Daga Asibiti Zuwa Majalisa: Asalin Dokokin Hana "Gyara" Sha'awar Jinsi

A shekarar 1952 wata kotu a Ingila ta ba Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, zaɓi biyu kan laifin luwaɗi: kurkuku, ko allurar da za ta kashe masa sha'awa. Ya zaɓi allurar. A wancan zamani likitocin Turai da Amurka sun ɗauki luwaɗi da maɗigo tamkar ciwon ƙwaƙwalwa. Wasu kan jona wa mutum lantarki, ko su ɗura masa maganin amai yana kallon hotuna, wai don ya ƙyamaci abin.

Daga likitocin nan sauyi ya faro, 'yan majalisa daga baya suka shigo. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire luwaɗi daga jerin cututtukanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ranar 17 ga Mayu, 1990. To, idan babu cuta a littafi, me ake warkarwa? Brazil ta amsa tun 1999: majalisar masana halayyar ɗan'adam ta hana mambobinta aikin "gyara" sha'awar jinsi.

Masu yin sa kuwa ba su daddara ba, musamman da Dokta Robert Spitzer, wanda da hannunsa a matakin 1973, ya fitar da bincike a 2003 yana cewa wasu kan iya sauyawa. A 2012 ya janye, ya nemi gafara. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Kirista ta Exodus International, mai goyon bayan wannan aiki, ta rufe, shugabanta Alan Chambers ma ya ba da haƙuri.

Dokoki suka biyo baya. Kalifoniya ta haramta aikin kan 'yan ƙasa da shekara 18 a 2012, Malta ta zama ta farko a Turai a 2016, Jamus ta bi a 2020. Kanada ta mai da shi laifi a ƙarshen 2021. Faransa a 2022 ta sa masa ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 30,000.

Wurin da gardama ta tsaya shi ne magana da addu'a: nasiha ce, ko magani? Birtaniya ta yi alkawarin doka tun 2018, aka yi ta jan ƙafa. A Amurka, Kaley Chiles, Kirista mai ba da shawara, ta kai ƙarar jihar Kolorado tana cewa dokar jihar ta 2019 da ta hana aikin ta tauye mata 'yancin faɗin albarkacin baki, Kotun Ƙoli ta saurari shari'ar a Oktoban 2025.