Ma'aikacin Laburare a Ƙarshen Layin Dogo

A Ƙauran Namoda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tuƙe tun 1929, kuma a nan aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983. Ɗalibai daga Shinkafi da Zurmi na cikin masu dogaro da laburarenta. To, shi wanda ke riƙe da laburaren, ina yake sabunta nasa ilimin?

Hanyoyin da aka gada sanannu ne: taron shekara-shekara na Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, da rajista da hukumar da dokar 1995 ta samar domin tantance masu wannan sana'a, da mujallun sassan koyar da aikin laburare irin na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka buɗe a 1968. Asusun TETFund kan ɗauki nauyin halartar taro. Sai dai duk waɗannan suna buƙatar tafiya, hanyar Gusau kuwa ba kullum take biyuwa ba saboda 'yan bindiga.

Shi ya sa harkar ta koma waya. A zaurukan WhatsApp ake jin sanarwar taro, a nemi maƙalar da ta gagara, a tambayi lambar da za a ba sabon littafi. Amfaninsu ba abin musu ba ne, amma ina ganin an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara, hanyar nan ɗaya tilo ta toshe na tsawon makonni, alhali abokan aiki a Kano da Ibadan suna ta harkarsu.

Matsalar ita ce an bar wa ma'aikaci nauyin sabunta iliminsa shi kaɗai, da kuɗin datarsa (ga shi ƙarin girma sai da wallafa maƙaloli). Haƙƙin makaranta ne. Ya kamata a riƙa sauke mujallu ana adanawa a kwamfutar laburare yadda za a karanta su ko babu intanet, wanda ya je taro kuma ya dawo ya karantar da sauran. Laburaren Ƙaura da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, su ƙulla musayar kayan aiki a rubuce, kada ta tsaya kan sanayyar mutum biyu da canjin wurin aiki zai iya rabawa.