Busquets da Lissafin Tazara a Tsakiyar Fili

Sergio Busquets ya buga wa Barcelona wasa 722, ya ci ƙwallo 18. Ya buga wa Sifaniya wasa 143, ya ci biyu. Duk tsawon shekarunsa a fagen tamaula, 'yan ƙwallon duniya ba su taɓa zaɓensa cikin gwanaye goma sha ɗaya na FIFPro ba, kuma a 2010, lokacin da Messi da Iniesta da Xavi suka raba matsayi uku na farko a kyautar Ballon d'Or, shi da yake tsaye a bayansu ko kusa bai zo ba. Amma daga 2008 zuwa 2023 masu horarwa takwas ne suka riƙe Barcelona: Guardiola, Vilanova, Martino, Luis Enrique, Valverde, Setién, Koeman da Xavi. Ra'ayinsu kan ƙwallo ya sha bamban, wasu ma ba sa ga maciji da salon wasu, amma babu ɗaya da ya mayar da Busquets ɗan benci.

Masoyansa sukan ce baiwa ce da idon ɗan kallo ba ya gani. Masu sukarsa kuwa sukan ce ya faɗo cikin gwanaye ne kawai, sa'a ta ɗauke shi. Duka bayanan biyu sun tsallake abu guda da za a iya aunawa da ido, wato yawan filin da ke tsakaninsa da abokan wasansa. Idan tazarar ta yi kaɗan, da wuya a sami wanda ya kai shi a wannan gurbi. Idan ta buɗe, sai ya koma dogon mutum marar gudu da ake wucewa ta gefensa. Tashinsa da faɗuwarsa da sake tashinsa duk sun bi wannan ma'auni fiye da yadda suka bi shekarunsa.

Gurbin da ya gada ya girme shi. A shekarar da aka haife shi a Sabadell, 1988, Johan Cruyff ya karɓi Barcelona, ya kuma sauya ma'anar ɗan wasan da ke tsayawa gaban masu tsaron baya. A mafi yawan ƙungiyoyin Turai na wancan zamani wurin ƙarfafa ne, masu sa ƙafa su ƙwace ƙwallo su miƙa wa wanda ya iya. Cruyff ya ce a'a, daga nan ne za a fara saƙa hari, don haka wanda ya fi kowa ganin fili shi ya dace da wurin. Luis Milla ya fara riƙe shi, da ya koma Real Madrid a 1990 sai aka ɗauko wani siririn yaro daga ƙungiyar matasa mai suna Pep Guardiola. A wannan ƙungiya ta Cruyff akwai gola mai dogon wando wanda ya fi shahara da wasa da ƙafa fiye da kamun ƙwallo, Carles Busquets, mahaifin Sergio.

Duk da wannan gado, ɗan bai taso a makarantar La Masia tun yana ƙarami kamar Xavi da Iniesta ba. A Badia del Vallès ya girma, garin ma'aikata mai jerin benaye a wajen birnin Barcelona, ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi irin su Lleida da Jàbac ta Terrassa, sai a 2005, yana ɗan shekara 17, Barcelona ta ɗauke shi. A kakar 2007/08 ya haɗu da Guardiola a ƙungiya ta biyu, wadda a lokacin take rukuni na huɗu na gasar Sifaniya. Da aka ba Guardiola babbar ƙungiya, ya fara La Liga da shan kashi 1-0 a hannun Numancia. Koci sabo da ya fara da faɗuwa yakan fake ne bayan manyan sunaye. Shi kuwa a wasa na biyu, ranar 13 ga Satumba 2008, ya sa Busquets cikin 'yan farko a karawa da Racing Santander. An tashi 1-1, surutu ya ƙaru, amma yaron bai sake komawa ƙasa ba.

Mai gurbin a lokacin Yaya Touré ne, kuma nan ne muhawarar take da zafi har yau, musamman a gidajen kallon ƙwallo na nahiyarmu. A wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Rum, ranar 27 ga Mayu 2009, rauni da dakatarwa sun cinye masu tsaron bayan Barcelona, sai aka mayar da Yaya baya kusa da Piqué, Busquets ya riƙe tsakiya, aka doke Manchester United 2-0. Shekara guda bayan haka Yaya ya koma Manchester City, kuma a 2018 ya fito fili ya zargi Guardiola da rashin son 'yan wasan Afirka, zargin da kocin ya musanta. Abin da ke zuciyar mutum ba huruminmu ba ne. Abin da fili ya nuna shi ne Yaya ya fi Busquets ƙarfi, ya fi shi gudu da ƙwallo, ya fi shi cin raga nesa ba kusa ba. A kakar 2013/14 kaɗai ya ci 20 a Firimiya, fiye da abin da Busquets ya ci wa Barcelona a shekara goma sha biyar. Sai dai duk waɗannan kyawawan halaye suna buƙatar ɗan wasa ya bar wurinsa ya tafi gaba, tsarin Guardiola kuwa yana son wanda ba zai tafi ba. Ba Yaya kaɗai abin ya shafa ba. Javier Mascherano, kyaftin ɗin Ajantina, ya zo daga Liverpool a 2010 a matsayin ɗaya daga cikin fitattun masu wannan gurbi a duniya, ya ƙare a ɗan baya. Alex Song ya zo daga Arsenal a 2012, bai samu wuri ba. A Kofin Duniya na 2022, a tawagar Sifaniya, Rodri na Manchester City ma baya aka tura shi domin Busquets ya zauna a tsakiya.

Me yake yi da ya sa haka? Aikinsa yana farawa ne kafin ƙwallo ta iso. Yana waiwaye hagu da dama, ya tsaya a karkace yadda ƙirjinsa zai kalli mafi yawan fili, saboda haka lokacin da ta taɓa ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Sau da yawa taɓawa ɗaya ce ko biyu. Amma abin da ya bambanta shi da sauran masu saurin rabuwa da ƙwallo shi ne ya san lokacin da zai ƙi rabuwa da ita. Yakan tsaya cik, ya bar abokin hamayya ya taso masa da gudu, sai a daƙiƙar ƙarshe ya ja ta baya da tafin takalmi, mutumin ya wuce. Wannan ba ado ba ne. Duk wanda ya taso ya bar rami a bayansa, kuma a wannan ramin Xavi ko Iniesta ko Messi yake jira. Haka ma yaudararsa da ido: ya kalli ɗan gefe, jikinsa duka ya nuna can zai ba da ƙwallo, sai ya zura ta ta tsakiya tsakanin mutum biyu. Idan abokan hamayya suka matsa wa masu tsaron baya, sai ya sauko tsakaninsu su zama uku, Dani Alves da ɗan gefen hagu su haura sama.

Tsaronsa ya fi wannan wuyar fahimta. Idan Barcelona ta rasa ƙwallo, ɗabi'ar mai gurbinsa ita ce ya ja da baya ya kare gida. Busquets gaba yake yi. Yana karanta inda fasin na farko zai bi, ya tare shi tun bai yi nisa ba, idan kuma ya ga ya makara sai ya yi 'yar ƙeta, ya riƙe riga ko ya sa ƙafa, alƙalin wasa ya busa, kowa ya koma wurinsa. Wannan dabara tana da sharaɗi biyu: 'yan gaba su matsa wa mai ƙwallo don kada ya samu sararin ɗaga kai, 'yan baya kuma su hauro kusa da layin tsakiya don filin ya tsuke. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwa, wanda hajar ba tasa ba ce, kuɗin ma ba nasa ba, amma ciniki ta hannunsa yake bi, muddin mai saye da mai sayarwa suna kusa.

Akwai tabo a tarihinsa da bai kamata a rufe ba. A wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da Inter Milan a Afrilun 2010, hannun ɗan wasan Inter Thiago Motta ya taɓa fuskarsa, ya zube yana birgima, kamara kuma ta kama shi yana leƙe ta tsakanin yatsu ya ga ko an ba da jan kati. An bayar. Barcelona ta ci 1-0 amma aka fitar da ita, hoton kuwa ya bi shi shekaru. A ganina wayon da ke sa shi yaudarar ɗan wasa shi ne dai ya juya kan alƙali, kuma sukar da ya sha a kai ta dace.

Wata biyu bayan haka Sifaniya ta fara Kofin Duniya a Afirka ta Kudu da shan kashi 1-0 a hannun Suwizalan, jaridun gida suka ce haɗa Busquets da Xabi Alonso ɓarnar gurbi ce. Kocin ƙasar, Vicente del Bosque, ya amsa da cewa da zai dawo ɗan wasa, Busquets zai so ya zama. Ƙungiyar ta ɗauki kofin da ƙwallo takwas kacal a wasa bakwai, an zura mata biyu, kuma ta ci Fotugal da Faraguwai da Jamus da Holan duk 1-0. A gasar Turai ta 2012 ƙwallo ɗaya aka ci ta. Ana tuna wannan ƙungiya da yawan fasin, amma a alƙaluma ƙungiyar tsaro ce wadda ta mayar da riƙe ƙwallo garkuwa.

Hujja mafi ƙarfi kan batun tazara tana cikin shekarun wahala. Xavi ya tafi a 2015, Alves a 2016, Iniesta a 2018. Messi da Suárez suka manyanta, suka rage bin ƙwallo idan ta kuɓuce, 'yan baya kuma da suka ga babu matsi a gaba sai suka ja da baya don tsoron a jefa ta bayansu. Ƙungiya ta miƙe, tsakiya ta zama fage, aka bar mutum ɗaya marar gudu ya gadi filin da ya fi ƙarfin mutum biyu. A Gasar Zakarun Turai Roma ta ci su 3-0 a 2018, Liverpool 4-0 a 2019, Bayern Munich kuma 8-2 a Lisbon ranar 14 ga Agusta 2020. Hukuncin da aka yanke a lokacin shi ne Busquets ya ƙare, yana da shekara 32.

Da tsufa ne kaɗai matsalar, da abin ya ci gaba da lalacewa. Ba haka aka gani ba. A gasar Turai da aka buga a 2021 cutar korona ta hana shi wasa biyu na farko, Sifaniya ta yi canjaras da Suwidin da Folan. Ya dawo a karawa da Sulobakiya aka ci 5-0, aka ba shi gwarzon wasan. A Oktoban shekarar, a filin San Siro, Sifaniya ta katse wa Italiya jerin wasa 37 ba tare da an doke ta ba, kuma duk da Faransa ta ci wasan ƙarshe 2-1, Busquets aka zaɓa gwarzon zagayen ƙarshe na gasar Nations League. Ƙafafunsa ba su ƙara sauri ba cikin wata goma sha huɗu. Luis Enrique, kocin Sifaniya a lokacin, shi ne ya kewaye shi da yara masu jini a jika irin su Pedri da Gavi, ya hauro da 'yan baya, filin ya sake tsukewa. Xavi ya yi kusan haka a Barcelona, kuma a kakar Busquets ta ƙarshe, 2022/23, yana kyaftin, ƙungiyar ta ɗauki La Liga, kofinsa na tara, an zura mata 20 kawai a wasa 38.

Wannan salo yana da iyaka ta wani gefen kuma, wadda tsukewar fili ba ta magancewa. Idan abokin hamayya ya ƙi tasowa, ya tattaru a gaban ragarsa, to babu ramin da za a buɗe, dabarar jan mutum ta mutu. Rasha ta yi wa Sifaniya haka a Kofin Duniya na 2018, Maroko ta maimaita ranar 6 ga Disamba 2022: fasin sama da dubu, harbi ɗaya tak da ya nufi raga, sannan bugun fenareti, inda golan Maroko Yassine Bounou ya tare na Busquets. Shi ne taɓa ƙwallonsa na ƙarshe a rigar ƙasa. A 2023 ya bi Messi zuwa Inter Miami a Amurka, inda daga baya Mascherano ya zama kocinsa, a Satumban 2025 kuma ya sanar da cewa zai jingine takalmi a ƙarshen kakar.

Barcelona ta dawo da Oriol Romeu daga Girona don ya cike gurbin, bai yi ba, har ta kai Xavi yana sa ɗan baya Andreas Christensen a wurin. A Sifaniya kuwa Rodri ya koma tsakiya, ƙasar ta ɗauki kofin Turai na 2024, shi kuma ya karɓi Ballon d'Or a shekarar. Ana cewa kyautar ramuwa ce ga gurbin da aka daɗe ana yi wa rowa, amma Rodri ba Busquets ba ne. Ya fi shi jiki, yana iya gadin fili mai faɗi idan an buɗe shi, yana kuma harbi daga nesa; shi ya ci wa Manchester City ƙwallon da ta ba ta kofin Zakarun Turai a Istanbul a 2023. Kocin da ya zauna da shi a wannan gurbi Guardiola ne, wanda a 2009 ya zaɓi mai tsayawa a kan mai tafiya, ya kuma tarar a Ingila cewa yanzu sai wanda ya haɗa biyun.