Bayan Ƙura Ta Lafa: Daga Marisuwa Zuwa Mashaƙo

 A watan Yuli na 2023 ne mashaƙo ya ɓulla a Kafanchan ya ɗauke yara, har aka shiga bin unguwanni ana allura. A lokacin wani dattijo ya ce mini a kasuwa shi bai taɓa ganin cuta irin wannan ba, wai sabon abu ne na ƙarshen zamani. Ban yi masa musu ba don girmansa, amma maganar ta tsaya mini. Ni ɗan kasuwa ne, citta da doya nake saye ina kai wa arewa, karatuna na Islamiyya ne da ɗan abin da na tsinta a rediyo da jaridu. To da wannan ɗan guzurin nake so mu waiwayi baya.

Kakanninmu suna lissafin shekaru da masifu. Za ka ji an ce an haifi wane shekarar Kakalaba, watau yunwar 1913 zuwa 1914, ko kuwa shekarar Marisuwa. Marisuwa ita ce murar nan da ta game duniya a 1918, daidai ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da jiragen ruwa ke ta jigilar soja. Ta sauka Ikko a watan Satumba, ta bi layin dogo ta haura arewa, kafin shekara ta ƙare ta shiga Zariya da Kano. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Nijeriya, alhali jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. Yaƙi ne aka yi a Turai, amma makoki a gidajenmu aka zauna shi.

A wannan lokaci jirgin ƙasa bai iso Kafanchan ba tukuna. Sai wajen 1927 ta zama mahaɗa, inda layin Fatakwal ya rabu, ɗaya ya yi Kaduna ɗaya ya yi Jos, kana a 1933 sarautar Jama'a ta koma can. Abin da ya tara mu a wannan ƙasa ke nan, jirgi da kasuwa. Mu na Gwantu kuma titin Akwanga zuwa Jos ne ya ratsa mu. Amma fa hanya ba ta tantance matafiyi. Inda buhun gishiri ya bi, nan cuta take bi.

Kwalara, wato amai da gudawa, ita kam baƙuwa ce ta kwanan nan. A watan Agusta 1970 ta sauka ƙasar Gini, ta bi gaɓar teku da Kogin Kwara, zuwa 1971 ta kama fiye da mutum 22,000 a Nijeriya. Tun daga nan ba ta koma ba. A 1991, ina saurayi ina bin motar kaya, an ƙirga mutum 59,478 da ta kama, 7,654 suka rasu. Na tuna yadda masu tuwo-tuwo a tasha suka rasa ciniki, kowa sai ya sayi burodi ya ci gaya.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce 1996. Da rani sanƙarau ya taso, ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. A Kano abu uku ne suka haɗu lokaci guda, sanƙarau da ƙyanda da kwalara. Abin ya kai Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya zuwa aikin Hajji a wannan shekara, wasu sun riga sun ɗaure kaya. A cikin wannan ruɗani ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka mutu, wasu suka nakasa. An yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Sai dai ɓarnar ta wuce kuɗi, domin tsoron allura ya shiga zukatan iyaye, kuma yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafarmu. Mu a kudancin Kaduna mun fi sanin fitina bisa ga ambaliya. Kafanchan 1987, Zangon Kataf 1992, Kafanchan kuma 1999, Kaduna 2000, mu nan Gwantu a watan Nuwamba 2001, sai babbar ta Afrilu 2011 bayan zaɓe, sai hare-haren ƙauyukan Sanga a 2014, wajajen Fadan Karshi da Nandu. Ba zan shiga wa ya fara wa ya rama ba, kowane ɓangare yana da kaburburansa, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi. Abin da nake so in nuna shi ne, in fitina ta auku ana ƙirga wanda wuƙa ko harsashi ya kashe, a buga a jarida. A 2011 an ce fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin arewa, wasu 65,000 suka bar gidajensu. Amma wa ya ƙirga jaririn da gudawa ta ɗauke sati uku bayan nan?

Ni na gani da idona. Bayan abin da ya faru a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, an kwashe mutanenmu da yawa zuwa sansanin alhazai na Mando a Kaduna, wasu har suka shafe shekaru a can. Na je gaida wata gwaggona. Ɗaki guda iyali kusan nawa, ban-ɗaki sai layi, ruwa sai wanda ya riga. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, mun tsira daga wuta mun faɗo hannun sauro." Jikanta na goye yana ta zawo, uwar kuma nono ya ƙafe don firgici da rashin abinci. Mai hawan jini ya baro maganinsa a gidan da ya ƙone. Mai ciki ba ta san inda za ta haihu ba. Wallahi babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga lissafin kowa.

Mu da muke zaune a wuri irin wannan muna da wata matsala ta daban. In gari ya rikice sai ya rabu biyu, asibiti ya faɗa ɓangare guda, kasuwa ta faɗa ɗaya. Ga dokar hana fita. Ma'aikacin lafiya in ba ɗan unguwar ba ne ba zai shigo ba, kuma ba a ga laifinsa ba, shi ma rai gare shi. Haka maƙwabtanmu Numana da Ninzo suka sha a 2014, da suka baro ƙauyuka da damina suka taru a makarantu, ƙasa a jiƙe, yara a kan tabarma.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne. A 1994, bayan kisan Ruwanda, ɗaruruwan dubban mutane suka tsallaka garin Goma na ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango. Babu rijiya, babu masai, kowa daga tafkin Kibu yake sha. Cikin wata guda kusan mutum 50,000 suka mutu, akasari amai da gudawa da atini. A gabashin Kwangon nan dai, Ebola ta 2018 zuwa 2020 ta kashe sama da 2,200, saboda ana harbi likita ba ya iya bin sawun wanda ya kamu. Gwada da Ikko da Fatakwal a 2014, inda babu yaƙi: mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, cikin wata uku aka gama da ita. (Shekarar da aka tashe mu da asuba wai a yi wanka da ruwan gishiri, ni ma ban tsira ba, uwargida ta sa sai da na yi.) A Barno kuwa, bayan shekara biyu ba a ga shan inna ba a Nijeriya, sai ga ta a 2016 a jikin yaran Gwoza da Jere, daga wuraren da Boko Haram ta hana masu allura shiga.

Ambaliya ita ma haka take aiki, ba sai na tsawaita ba. A 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, mutum 363 suka mutu, sama da miliyan 2 suka rasa matsuguni, hanyar Lokoja ta yanke, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A 2022 mamatan sun haura 600. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Ko ina labarin ɗaya ne: ruwa ya cika masai, ya kwashe ƙazanta ya zuba a rijiya, in ya janye sai kwalara ta zauna a gurbinsa. Mu Allah ya ɗora mu a tudu, amma ku duba tazarar da ke tsakanin rijiya da shadda a gidajenmu na haya. Wani wuri taku biyar ba ta kai ba.

To mu koma kan mashaƙon dattijo. Tsohuwar cuta ce, kuma rigakafinta yana cikin allurar da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14. Ta sake tasowa ne daga Kano a ƙarshen 2022, ta fi kama yaran da ba a yi musu allurar ba ko ba a kammala ba. Ni a ganina abu biyu ne suka haɗu a kanmu: tsoron nan da muka gada tun 1996, da kuma yawan tashi. Uwar da ta gudu da dare, katin asibiti ya ƙone tare da gado, ta sauka wani gari inda ba ta san kowa ba, ina za ta tuna saura allura ɗaya?

Kwanan baya na roƙi sakatarenmu ya buɗe mini tsohon littafin ƙungiya. Akwai shafin waɗanda muka rasa a 2001, da na 'yan'uwanmu na 2011, suna da sunan uba da unguwa, da shagunan da suka ƙone har da ƙiyasin kaya. Na nemi jikan gwaggona ban gan shi ba, alhali ya rasu a Mando kafin Sallah ƙarama ta wannan shekara. Sakatare ya yarda a ware shafi. Duk wanda ya rasa wani a gudun hijira ta hanyar ciwo, yaro ko babba, ya zo da suna da shekara da abin da ya yi ajalinsa ranar taron wata, bayan La'asar. Mata su ba da nasu ta hannun shugabar mata, don su suka fi riƙe sunayen yaran.