Wa Ke Riƙe da Mai Riƙo?

Daga Bebeji har Doguwa da wuya ka shiga gida ka ƙirga yara ka tarar duk 'ya'yan matan gidan ne. Akwai jikan da aka kawo yaye bai koma ba, akwai 'yar ƙanwar da aurenta ya mutu, ga kuma marayun wa. Mu da muka tashi a nan ba mu ɗauki abin a bakin komai ba, riƙo ne. Kalmar tana nan yadda muka gaje ta, amma abin da ke tallafe da mai riƙon ya zaizaye.

Mafi kyawun shaidar yadda riƙo yake a da ta fito ne daga bakin Baba ta Karo, wadda ta girma a ƙasar Zarewa, yamma da Ƙiru. Wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ɗakinta bai rasa yara ba: dangi sun ba ta, ta raina, ta aurar. A zamaninta ba sai an yi rashi ake ba da ɗa ba. Kunyar ɗan fari kan sa a miƙa shi ga kaka, wadda ba ta haihu ba kuma a ba ta don kada ta zauna ita kaɗai. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mutanen da ke kewaye da ita. Ga gandu, inda maza ke noma tare a ci daga rumbu ɗaya. Ga ƙawaye na amana da aka ƙulla da su tun ƙuruciya. Ga biki, wanda in kin kai wa ƙawa gudummawa yau, ran da naki ya zo za ta mayar da ninki. Mai riƙo ba ta haɗa kayan ɗakin 'yar riƙonta ita kaɗai.

Fiƙihun Malikiyya ma ya tsara abin. Risala ta ce renon yaro na uwa ne, in ta rasu ko ta sake aure sai kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Al'ada kuwa ta fi karkata ga dangin uba. Rigimar da ake kai wa gaban alƙali ke nan har gobe.

Daga baya gandu ya riƙa watsewa, kowane magidanci ya ja tukunyarsa. Madatsar ruwan Tiga, da aka gama a 1974, ta ci ƙauyuka aka sake wa mutanensu matsuguni. Sanƙarau na 1996 ya kashe dubban mutane a arewa. Dajin Falgore ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, matasa kuma suka yi ta tafiya ci-rani. Riƙon da ake yi don zumunci ya koma na dole, kuma sau da yawa a kan tsohuwa yake faɗawa, wadda jarinta bai wuce ƙuli-ƙuli da daddawa ba.

Hukuma ta makara. Dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003 ce, Kano kuwa sai a 2023 ta sa hannu a tata. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wani ɓangaren matsalar: fom ɗin rajista kan tanadi gurbin uba da na uwa, da kyar a bar layi guda na mai kula da yaro. Wanda ba shi da gurbi a rumbun bayanai, ba a ganinsa ran rabon tallafi.

A Ingila wata ƙungiya mai suna Kinship tana haɗa kakanni da sauran dangi masu riƙo rukuni-rukuni, su zauna su tattauna, ɗaya daga cikinsu ta jagoranta. Su sai da suka ƙirƙiro zaman. Mu muna da shi, adashi ne, kuma a ganinmu duk mai son tara masu riƙo a Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora daga nan ya kamata ta fara. In kika kira mata su zo su faɗi damuwarsu ba za su zo ba, don faɗin cewa riƙon jika ya yi nauyi abin kunya ne. In kika ce zubi ne ran kasuwa za su zo, maganar kuma za ta fito da kanta: yaron da ke fitsarin kwance tun rasuwar uwarsa, kawun da ya riƙe gonar marayu yana cewa ajiya ce.

Jagorar irin wannan zama uwar adashi ce da ƙarin nauyi. Dole ta iya riƙe sirri, don abin da aka faɗa ya shafi surukai da kishiyoyi. Dole ta san lokacin da magana ta fi ƙarfin tabarma, a kai ta ga mai unguwa, ko Hisba, ko kotun shari'a. Sannan ta ajiye littafi, ko da na ɗan makaranta ne, mai sunan kowane yaro da na mahaifinsa, da abin da aka bar masa gado, da wanda abin yake hannunsa, da waɗanda suka shaida.