Kokawar Talabijin a Ingila: Shirin WOS Wrestling na 2018

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a duba wani shirin kokawa da gidan talabijin na ITV a Ingila ya nuna har mako goma a 2018, sa'an nan ya mutu. Kokawar da ake nufi ita ce wadda mutanenmu ke kira resilin, watau wadda tun kafin a shiga fage an riga an tsara wanda zai yi kaye. Saboda haka ta fi kusa da wasan kwaikwayo bisa ga kokawar kaka da muka sani, ko da yake faɗuwar da ciwon na gaske ne.

Tun daga 1965 gidan ITV ke da shirin wasanni na ranar Asabar mai suna World of Sport. Da ƙarfe huɗu na yamma, gab da karanta sakamakon ƙwallon ƙafa, sai a saka kokawa, Kent Walton yana sharhi. Miliyoyin mutane ke kallo, har da tsofaffin mata, waɗanda aka san su da zafin goyon baya. A lokacin, turmi-turmi ake yi kamar dambe, wanda ya ci kaye biyu shi ke da nasara. Ƙartin nan biyu, Big Daddy da Giant Haystacks, ba gidan da ba a san su ba. An rufe shirin a 1985, kokawar ta ci gaba ita kaɗai har 1988, lokacin da Greg Dyke ya soke ta.

Ran 31 ga Disamba 2016 ITV ya gwada farfaɗo da sunan da shiri guda na musamman. Kamfanin WWE na Amurka bai yi sake ba: a Janairun 2017 ya shirya gasar kambun Birtaniya a Blackpool, ya kuma ɗaure matasan 'yan kokawa da dama da kwantaragi. Jerin shirye-shiryen da ITV ya yi niyyar ɗauka a 2017 sai aka ɗage. Sai a Mayun 2018 aka ɗauki kashi goma a garin Norwich cikin 'yan kwanaki, aka fara nunawa ran 28 ga Yuli da ƙarfe biyar na yamma.

Ba gwanaye aka rasa ba. Akwai Will Ospreay, wanda ya riga ya yi suna a Japan, da Kay Lee Ray, da Grado, ɗan barkwanci daga Sikotilan. Abin da masu sharhi suka fi kuka da shi shi ne aikin kyamara. Da ɗan kokawa ya tashi sama zai yi kaye, sai a yanke hoton a koma kan fuskokin 'yan kallo suna tafi, a bisa dukan alamu don gudun nuna duka a lokacin da yara ke gaban akwati. Ke nan an gayyaci mutum kallon kokawa an ɓoye masa kayen.

A ganina, a nan matsalar take. An ɗauko tsohon suna don a jawo dattawa, amma ba turmi, ba salon da suka saba. Matasa kuwa, waɗanda suka riga suka saba da kokawar Japan da ta ƙananan kamfanonin Ingila ta intanet, sai suka ga abin kamar shirin kacici-kacici mai fitilu. Masu kallo suka riƙa raguwa, har ITV ya janye shirin daga ƙarfe biyar ya mai da shi tun da sauran rana. Kashi na ƙarshe, inda Justin Sysum ya karɓe kambu daga Rampage, ya fita a ƙarshen Satumba.

An ɗan zaga garuruwa da wasan a farkon 2019, ba a kuwa sake ɗaukar wani zango ba. A shekarar nan Kay Lee Ray ta koma WWE, ITV kuma ya fara nuna kokawar kamfanin AEW, wadda daga Amurka ake kawo ta.