Hazon da Muka Gada, Hayaƙin da Muka Ƙaro

A gidanmu da ke Bakori, duk tarin da ya kama mutum daga Nuwamba zuwa Fabrairu sunansa guda: tarin hunturu. Da wannan suna kakata ta riƙa kiran nata tarin har ta koma ga Mahaliccinta, alhali damina kan sauka, hazo ya yaye, tarin na nan. Sai da karatu ya kai ni Kano na fara tambayar kaina: cikin abin da muke shaƙa, wanne muka tarar, wanne kuma hannunmu ya ƙaro?

Hazon hunturu ya girmi garuruwanmu. Babban tushensa shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda dubban shekaru da suka shuɗe yake ƙarƙashin wani makeken tafki. Da ruwan ya ƙafe, ya bar lallausar ƙasa wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa kowace shekara. Kakanninmu sun san ta, sun tare ta da amawali da asabari. Wannan ba mu da iko a kanta.

Sauran kuwa kowanne da lokacin zuwansa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929, jiragen suna tafe suna aman hayaƙin kwal. Kamfanin BCGA ya kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, ma'aikata suka san ƙurar da ke maƙale wa maƙogwaro. A 1975 aka soma shirin raya aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya. Takin zamani ya wadata, masara ta mamaye gonakinmu. Arziki ya zo, amma tare da 'yan rakiya: manyan motoci masu shan dizal da ke jigilar hatsi zuwa Dawanau, da tulin kara da totuwa da ake cinna wa wuta.

A Kano na ga inda wannan hanya ta ɓulle. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa sun tara jama'a, rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa janareto ya zama ɗan gida a shaguna da unguwanni. An hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu suka cike gurbin. Ana ƙona bola a bakin titi. Da yamma kuma dubban murahu kan kama da itace da gawayin da aka saro daga karkara irin tamu. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da dama da na sani daga tukunyar gas zuwa kurfoti. Ashe ƙauye da birni huhu ɗaya suke numfashi da shi: mu aika da itace da hatsi, hayaƙin ya tashi a can da nan.

Abin da ya fi haɗari a cikin wannan haɗin gambiza ido ba ya ganinsa. Masana na kiransa PM2.5, wato ƙwayoyin da kaurinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, kusan kashi ɗaya cikin talatin na silin gashi. Gashin hanci ba ya tare su. Sukan zarce can cikin huhu, mafi ƙanƙanta su shiga jini, su taimaka wajen haddasa asma, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta shata na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita mai murabba'in sukutum ta iska.

Tarihi bai bar mu babu madubi ba. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na 'yan kwanaki, mutane aƙalla 4,000 suka mutu. Da ma mutanen birnin sun saba ɗora laifin a kan hazon ƙasarsu, kamar yadda muke ɗora namu a kan hunturu. A 1956 majalisarsu ta yi dokar tsabtace iska, sannu a hankali sararin birnin ya washe.

Darasin a bayyane yake: abin da mutum ya kunna, mutum na iya kashewa. Kara zai iya komawa taki ko abincin dabba maimakon toka, murhu mai tsimin itace na rage hayaƙi, hukumomi kuma na iya auna iskar garuruwanmu su sanar da jama'a. Da na koma gida bayan kammala digiri, na ɗaga kai a madafin da kakata ta yi rabin ƙarni tana girki, na ga rufin baƙi wuluk da kunkunniya. Abin da ya taru a azara, shi ya taru a ƙirjinta. Yanzu ƙanwata ce ke tuƙa tuwo a wurin. A makon nan na nemo magini ya huda mata taga.