Tarihin Man Goge Mota da Gwangwanin Feshi, da Yadda Suka Shigo Kasuwarmu

Da shugabanni suka ce kowane ɓangare na kasuwancinmu ya kawo tarihinsa domin wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, sai mu ma'aikatan ofis muka ɗauko littattafan rajista muka duba. A tsofaffin shafuka da wuya ka ga an rubuta kayan gyaran fentin mota. Taya ne, da batir, da man juye. A shafukan baya-bayan nan kuwa, da wuya lodin kayan mota ya wuce babu kwalin man gogewa, ko na feshin dashbod, ko na feshin taya. Littafin ƙorafi ma haka ya nuna, domin rigimar waɗannan kaya ta ƙaru tare da cinikinsu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, shi ya sa muka ga ya dace mu bi asalin abin da muke sayarwa.

Fenti ne ya fara zuwa

Motocin farko an yi musu fenti ne kamar yadda ake yi wa keken doki a Turai da Amurka. Da buroshi ake shafawa, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa, har mota ɗaya ta ci makonni. Wannan fenti ba ya jure rana da ruwa, yana dushewa da wuri. Saboda haka wani daga cikin man gogewa na farko daga wajen masu kujeru da tebura ya fito. A 1901 wani mutum mai suna Frank Meguiar ya fara haɗa man goge kayan katako a garin Evansville na Amurka, daga baya masu motoci suka zama manyan masu sayensa. A 1910 George Simons ya fito da nasa a Chicago, wanda aka sani da Simoniz.

Sinadarin da ya ɗaukaka irin wannan mai shi ne kakin karnuba. Daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Birazil, inda rana ke da zafi kamar tamu. Bishiyar tana lulluɓe ganyenta da kakin ne don kada ruwan jikinta ya ƙafe. Ana yanko ganyen, a shanya, a kaɗe garin kakin, a narka. Kakin zuma da muka sani yana narkewa da zafi ya wuce digiri 60 kaɗan, shi kuwa na karnuba sai ya haura digiri 80. Wannan bambanci ne ya sa yake iya zama a jikin motar da ta yini a rana. Har gobe in ka karanta bayan gwangwani mai kyau za ka ga sunansa.

A 1924 kamfanin General Motors ya fitar da motar Oakland mai launin shuɗi da sabon fentin Duco na kamfanin DuPont. Fesa shi ake yi, kuma yana bushewa cikin sa'o'i. Daga nan motoci masu launi iri-iri suka yawaita, bayan shekarun da Ford ya yi yana sayar da Model T baƙa kawai. Mai mota ya fara alfahari da launin motarsa, kasuwar man gogewa ta buɗe. A 1941 Ben Hirsch ya fara sayar da man gogewa na ruwa a kwalba a Chicago, a 1946 aka sa masa suna Turtle Wax. Sauƙin da ya kawo shi ne ba sai mutum ya gaji da murza daskararren kaki ba.

Gwangwanin da sauro ya yaɗa

Shi gwangwanin feshi tarihinsa daban ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Norway, Erik Rotheim, ya yi rajistar fasahar a 1927, amma ba ta yaɗu ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 masana biyu na gwamnatin Amurka, Goodhue da Sullivan, suka haɗa gwangwanin maganin sauro, aka riƙa raba wa sojojin da zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa a tsibiran tekun Fasifik. Ke nan gwangwanin feshin dashbod da na maganin sauro da ke jere a kantunanmu uwarsu ɗaya. A 1949 Edward Seymour ya zuba fenti a irin wannan gwangwani a jihar Illinois, sauran kayan mota suka biyo baya.

Akwai wani canji da ya shafe mu kai tsaye. Iskar da ake cusa wa gwangwani a da, wadda ake kira CFC, ba ta kama wuta, amma an gano tana lalata rufin sararin sama da ke tare mana zafin hasken rana. A 1987 ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal don a daina amfani da ita. Abin da ya maye gurbinta a yawancin gwangwanaye shi ne iskar gas irin ta girki. Wannan ne dalilin da ya sa ake zana harshen wuta a jikin gwangwani. Ana kuma rubuta kada a bar shi a zafin da ya wuce digiri 50. Duk wanda ya taɓa shiga sito mai rufin kwano a Maraɗi ko Ƙonni da azahar a watan Afrilu ya san ba mu da nisa da wannan adadi.

Yadda kayan suka iso gare mu

Dattawanmu sun ba mu labarin cewa a zamanin da Fijo 504 ke fitowa sabuwa fil daga kamfanin Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, mai wankin mota bokiti ne da tsumma da sabulu. Man gogewa kayan manyan kantuna ne, direbobin gwamnati da na attajirai ke saye. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, ƴan'uwa na wannan ɓangaren su ma suka ji a jikinsu. Sai kasuwa ta koma ga motocin gwanjo daga Turai, waɗanda ake lodawa a tashoshi irin su Antwerp ta Beljiyam a sauke a Kwatano. Nan aka sami sunan ƴar Kwatano.

Tsohuwar mota kuwa ba ta sayuwa sai ta yi kyan gani. Ta sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, ta sha iskar teku, ta zauna a filin ajiya. Sannan a tuƙo ta fiye da kilomita 700 daga Kwatano ta Parakou zuwa Malanville, ta haye gada zuwa Gaya, ta bi Doso ta nufi Ƙonni ko Maraɗi. Kafin a kai ta gaban mai saye dole a wanke, a goge, a fesa wa dashbod da taya. Dillalan mota ne suka fara neman kayan da yawa. Mutanenmu da ke rako motoci suka fara sako kwali ɗaya ko biyu a but, suna sayarwa a garejoji da wuraren wankin mota. Da aka ga akwai riba, sai abin ya zama lodi mai zaman kansa, ya kai har Ƙofar Ruwa a Kano. Daga baya kayan Dubai da na Caina suka shigo, farashi ya sauko, har mai babur ya iya sayen gwangwaninsa.

Hanyar ba ta zauna lafiya kullum ba. Daga 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar Malanville da Gaya, kaya da yawa suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Kowace rufewa tana nufin kwanaki masu yawa da lodi zai yi a tsaye cikin rana a bakin duwan ko kwastan. Mai shinkafa yana tsoron ruwa, mu kuwa rana muke tsoro. A ɗaya daga cikin waɗannan lokuta wani ɗan'uwa ya kawo mana gwangwanaye ofis, gindinsu ya kumbura, wasu sun tsiyaye cikin kwali. Allah ya tsare ba a sami gobara ba, amma jarinsa ya tafi.

Fenti ya canza, hannu bai canza ba

Wani abu da da yawa cikinmu ba su lura da shi ba shi ne fentin kansa ya canza. Tsohon fenti shafi ɗaya ne mai launi, in ya dushe ka goge, launin ya fito a tsumma, motar ta dawo. Tun daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma sa launi a ƙasa, su rufe shi da wani shafi garai-garai kamar gilashi. Wannan shafi na sama shi ne ƙyallin mota, shi ne kuma ke tare rana, amma kaurinsa bai kai na takardar rubutu ba. In ya cinye, babu gwangwanin da zai dawo da shi, sai mai fenti. Motocin da kuke gani rufinsu da bonet suna ɓarewa fari-fari kamar saɓar maciji, abin da ya same su ke nan.

A nan ne ya kamata mai sayarwa ya bambance kaya uku da masu saye ke haɗawa su kira foliş. Na farko mai gurzawa ne, yana ɗauke da gari mai laushi da ke cin saman fenti don ya share ƙarce. Kowane amfani da shi yana rage kaurin fentin, don haka ba na kowane mako ba ne. Na biyu kaki ne, ba ya gyara komai, rufi yake yi wanda rana da wanki ke cinyewa cikin makonni. Garin sabulun wankin tufafi ma yana saurin wanke shi. Na uku feshin silikon ne na dashbod da taya. Yana ba da sheƙi nan take, amma yana da santsi. Bai kamata ya taɓa sitiyari, ko wurin taka birki, ko cikin tayar babur da ke taka ƙasa ba. Masu fenti ma ba sa son ganinsa kusa da gareji, domin in ya sauka a jikin mota sabon fenti ba ya kamawa, sai ya yi ƙananan ramuka.

Sai kuma hunturu. Ƙurar da iska ke kawowa daga hamada akwai yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi fenti tauri. Yaron da ya ɗauki busasshen tsumma ya share mota da safe, ƙarce yake zubawa, ko da wane mai aka shafa jiya. Gaya wa mai saye ya zuba ruwa kafin ya goge ya fi masa amfani a kan gwangwani na biyu.

Sababbin kaya

Kaya biyu ne ake yayi yanzu. Ɗaya ledar kare fenti ce, wadda asalinta kamfanin 3M ya yi ta don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi a lokacin yaƙin Biyetnam. Ɗayan ruwan siramik ne, wanda ke daskarewa a kan fenti ya daɗe fiye da kaki, in an wanke motar sosai aka shafa a inuwa. Lambar 9H da ake bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ne, wato fensir mafi tauri bai ƙarce shi ba a gwaji. Ba ta nufin dutse ko yashi ba za su yi masa illa ba. Duk wanda ya yi wa mai saye alkawarin cewa motarsa ba za ta ƙara ƙarcewa ba, ya shirya zuwa ofis amsa ƙara.

Irin waɗannan ƙararraki ne suka fi yawa a teburinmu. Akwai dillalin da ya shafa kaki mai launi ya ɓoye ƙarce, ruwan farko na damina ya tona asiri, mai saye ya biyo sawu daga ƙetaren iyaka. Akwai wanda ya sari kwali mai arha, sunan jiki ya yi kama da na sanannen kamfani da bambancin harafi ɗaya, babu ranar ƙerawa, babu adireshi. Araha ba ta ado. Kuɗin da aka mayar bai kai zafin abin da ya biyo baya ba, domin a can ba sa cewa wane ya cuce mu, cewa suke yi ƴan ƙungiyar nan ne.

Saboda haka roƙonmu ga ƴan'uwa a wannan biki guda huɗu ne. A karanta bayan gwangwani kafin a sara, wanda bai iya Faransanci ko Ingilishi ba ya kawo ofis mu karanta masa. A ajiye kwalaye a ƙasa cikin inuwa, nesa da janareta da mai shayi. A gaya wa direba abin da ya ɗauko, kada a ɓoye gwangwani ƙarƙashin wasu kaya. A kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da kaya ke yi da abin da ba ya yi. Iyayenmu da suka buɗe wannan hanya da amana suka riƙa karɓar kaya bashi daga Kwatano har Kano ba tare da takarda ba, ita ce kuma jarin da suka bar mana. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya tsare mana hanya, ya maimaita mana.